Keken Lantarki Mai Ƙafa Ɗaya a Titunan Abuja: Matsayinsa a Doka da Batun Inshora

ABUJA: Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, hankalin 'yan kasuwa da dama ya koma kan duk wani abin hawa da ba ya shan mai. Litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 a gidajen man NNPC kafin wannan rana, ta kai Naira 617 a Abuja a watan Yuli na shekarar, ta kuma haura Naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. Wannan ne ya sa babura da kekunan lantarki suka samu shiga a lissafin masu harkar sufuri da masu kai saƙonni gida-gida.

Daga cikin irin waɗannan ababen hawa akwai wani da ya fi sauran ban mamaki, wato keken lantarki mai ƙafa ɗaya. Ɗan kasuwar da ke zuwa sarin kaya a ƙasar Sin ko Dubai zai gan shi, kuma ba mamaki ya raya a ransa cewa zai yi kasuwa a Wuse ko Maitama ko Gwarinpa. Darasin wannan mako ya duba tambayoyi uku da ya kamata a amsa kafin a fitar da ko sisin kwabo: shin doka ta yarda a hau shi a kan titi? Shin akwai kamfanin inshorar da zai tsaya masa? In kuma ya buge mutum ko ya lalata dukiyar wani, aljihun wa za a taɓa?

Yadda keken yake

Keken taya ɗaya ce tal, da injin lantarki a cikinta, da batir, da matakai biyu a gefe inda mahayi ke ɗora ƙafafunsa. Ba shi da sitiyari, ba shi da abin riƙewa, yawancinsu kuma ba su da wurin zama. Wata 'yar na'ura a cikinsa ce ke auna karkatar mahayi sau da yawa a cikin daƙiƙa guda: in ya sunkuya gaba sai keken ya ƙara gudu, in ya jingina baya sai ya rage. Ba shi da birkin hannu ko na ƙafa irin na babur. Injin ne da kansa yake riƙe tayar. Wani injiniya mazaunin Amurka mai suna Shane Chen ne ya fito da samfurin Solowheel wajen shekarar 2011, daga baya kamfanonin lardin Guangdong na ƙasar Sin, irin su InMotion da KingSong da Begode, suka mamaye kasuwar.

Ƙananan cikinsu ba su wuce gudun kilomita 20 zuwa 25 a sa'a ba, amma akwai manya masu nauyin fiye da kilo 40 waɗanda ke wuce kilomita 70 a sa'a. Abin lura ga mai nazarin haɗari shi ne, mai gudun kilomita 25 a sa'a yana cin kusan mita 7 a kowace daƙiƙa, don haka kafin ya ankara da yaron da ya fito daga bayan mota, ya riga ya ci tsawon mota da rabi. Haka kuma idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo yakan ninka sau huɗu. Daɗin daɗawa, idan aka matsa wa injin fiye da ƙarfinsa, ko batir ya yi sanyi, keken na iya sakin mahayi nan take. Mahayin ya faɗi ta fuska, ita kuwa tayar ta ci gaba da gangarawa cikin jama'a.

Mai ɓarna shi ke biya

Ƙa'idar da darasin nan ya ginu a kanta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan mota, in shanu suka shiga gonar mutum suka yi ɓarna, mai shanun ake nema a gaban mai gari ko alƙali. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya ɗora wa mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta lamunin abin da ta tattake. Dokar da kotunan Nijeriya suka gada daga Ingila ita ma haka ta tanada: duk wanda ya yi sakaci har ya cutar da wani, wajibi ne ya biya diyya, kuma idan yaron shago ko direba ne ya yi ɓarnar a bakin aikinsa, ana iya kama maigidansa da biyan.

Wannan ƙa'ida ba ta tambayar yawan ƙafafun abin hawa. Ko da babu wata doka da ta ambaci keke mai ƙafa ɗaya da sunansa, wanda aka karya wa ƙafa yana da ikon zuwa kotu ya nemi haƙƙinsa. Saboda haka rashin ambato a doka ba ya sauke nauyi daga kan mai keken. Abin da yake yi kawai shi ne ya raba shi da wanda zai taya shi ɗauka.

Inshorar mutum na uku

Wanda ke taya ɗaukar wannan nauyi shi ne kamfanin inshora. A yarjejeniyar inshorar abin hawa, mai abin hawan shi ne mutum na farko, kamfanin inshora na biyu, duk wani bare kuma da haɗari ya rutsa da shi ko da dukiyarsa shi ne mutum na uku. Inshorar mutum na uku ba ta gyara wa mai abin hawa komai, ba ta kuma biya masa kuɗin asibiti. Aikinta shi ne biyan wanda aka cuta a madadin wanda ya yi cutar.

Ingila ta wajabta irin wannan inshora a dokar hanya ta 1930. A Nijeriya, gwamnatin mulkin mallaka ta kafa tata dokar a 1945, ta kuma fara aiki a 1950, inda ta haramta fitar da mota ko babur kan titi ba tare da inshorar da za ta biya diyyar rai ko rauni ba. Dokar Inshora ta 2003, a sashe na 68, ta ƙara da lalata dukiya, ta ce kada abin da za a iya biya ya gaza Naira miliyan 1, ta kuma tanadi tarar Naira 250,000 ko ɗaurin shekara 1 ko duka biyun ga wanda ya saɓa. A shekarar 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta haɗe tsofaffin dokokin nan wuri guda, ta kuma bar inshorar mutum na uku a matsayinta na wajibi.

Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997 kuma hedkwatarta ke unguwar Garki a Abuja, ita ce ke yanke farashi. A jadawalin da ta fitar a watan Disamba na 2022, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2023, ta tsara kamar haka:

Motar gida: Naira 15,000 a shekara, maimakon Naira 5,000 da ake biya a da, iyakar diyyar dukiya Naira miliyan 3.

Babur mai ƙafa uku, wato Keke NAPEP ko A Daidaita Sahu: Naira 5,000, iyakar diyyar dukiya Naira miliyan 2.

Babur mai ƙafa biyu: Naira 3,000, iyakar diyyar dukiya Naira miliyan 1.

Babbar motar dakon kaya: Naira 100,000, iyakar diyyar dukiya Naira miliyan 5.

Daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, rundunar 'yan sanda, bisa umarnin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ta shiga tsare masu ababen hawa a faɗin ƙasar nan tana neman wannan takarda. Ke nan batun ya tashi daga doka a takarda ya koma abin da ake tambaya a bakin titi.

Inda giɓin yake

Mai karatu zai lura cewa jadawalin nan ya ambaci mai ƙafa huɗu da mai uku da mai biyu, amma bai ambaci mai ƙafa ɗaya ba. A nan gizo ke saƙar.

A ɓangare guda, dokokin hanya na ƙasar nan sun daɗe suna ɗaukar duk abin da ƙarfin inji ke tafiyar da shi a kan titi a matsayin abin hawa mai inji, ba tare da bambanta fetur da lantarki ba. Keke mai ƙafa ɗaya ba shi da feda, ba ya motsi sai da inji, don haka da wuya mai shi ya gamsar da ɗan sanda ko alƙali cewa ɗan'uwan keken hawa ne na gargajiya. Idan kuwa abin hawa mai inji ne, to, dukkan sharuɗɗan da ke kan babur na iya hawa kansa: rajista, lamba, lasisin tuƙi, takardar shaidar lafiyar abin hawa, hular kwano, da inshora.

A ɗaya ɓangaren kuma, tsarin da zai ba shi waɗannan takardu an gina shi ne domin mota da babur. Ƙa'idojin hanya na ƙasa na 2012, waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ke aiki da su, an rubuta su ne tun wannan keke bai bazu a duniya ba. Jami'an duba ababen hawa na Birnin Tarayya, waɗanda aka fi sani da VIO, abin da suka saba dubawa shi ne birki da fitila da madubi da ham da sigina, ga shi kuwa wannan keke ba shi da birki irin wanda ake gwadawa, ba shi da madubi, ba shi da ma wurin kirki da za a ɗaura lamba. Shi kuma kamfanin inshora yakan fara ne da tambayar lambar rajista kafin ya rubuta takarda. Sai mai keken ya tsinci kansa a tsaka mai wuya: wajibcin doka na iya kama shi, amma ƙofar cika wajibcin ba a buɗe take ba.

Akwai wata dabara da ya kamata a guje mata, wato a sayi inshorar babur ta Naira 3,000 a ce ta wadatar. Yarjejeniyar inshora tana tsayuwa ne a kan faɗin gaskiya tsakani da Allah game da abin da ake yi wa inshora. Wanda ya rubuta babur alhali mai ƙafa ɗaya ne gare shi, ya ba kamfanin hujjar jayayya ranar da haɗari ya auku. Haka kuma ƙa'idar nan ta sai an biya kuɗi inshora ke aiki, wadda NAICOM ta tsaurara daga watan Janairu na 2013, ta rufe ƙofar alkawarin baki: in ba a biya ba, babu kariya.

Misali na lissafi

A ƙaddara Alhaji Wane yana da gidan abinci a Wuse II, ya sayi kekuna 5 masu ƙafa ɗaya ya raba wa yaransa su riƙa kai abinci ofisoshi. A ƙaddara kowane keke yana rage masa Naira 40,000 a wata daga kuɗin mai da gyara, wato Naira 200,000 ke nan a jimlace. Wata rana da azahar a kan titin Aminu Kano, ɗaya daga cikin yaran ya faɗa rami, ya buge wani tela da ke tsallaka titi, tayar kuma ta gangara ta daki ƙofar wata mota.

A ƙaddara aikin ƙashin ƙugun telan ya ci Naira miliyan 2, ya kuma yi wata 6 bai hau keken ɗinki ba, alhali yana samun Naira 150,000 a wata, wato Naira 900,000. Gyaran motar kuma ya ci Naira miliyan 1 da rabi. Jimla Naira miliyan 4 da dubu 400, ban da kuɗin lauya. In babu inshora, ribar wata 22 ce ta dukkan kekunan 5 ta tafi a haɗari guda, kuma Alhaji za a nema, domin yaron a bakin aiki yake, kuma ba shi da abin biya.

Da a ce babur ne mai rajista da inshora ta gaskiya, da kamfanin inshora ya ɗauki diyyar raunin telan, ya kuma biya Naira miliyan 1 daga gyaran motar. Sauran Naira 500,000 da ta haura iyaka, daga aljihun Alhaji za ta fito. Wannan darasi ne na biyu: inshorar wajibi mafi ƙaranci ce kawai, kuma a gari irin Abuja, inda fitilar wasu motoci kaɗai ke iya cinye iyakar, mai harka babba yana bukatar ya sayi ƙari. Shi kuwa yaron da ya faɗi, wannan inshora ba ta san da shi ba; nasa haƙƙin yana ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF.

Hanyoyi uku da wasu ƙasashe suka bi

Wannan giɓi ba a Nijeriya kaɗai aka same shi ba. Ƙasashen Turai da suka riga cin karo da keken sun rabu gida uku, kuma kowace hanya tana nuna abin da ka iya faruwa a Abuja.

Faransa ta zaɓi ta karɓe shi ta yi masa linzami. Dokar da ta fitar a watan Oktoba na 2019 ta sa keke mai ƙafa ɗaya da sukutar lantarki ta tsaye cikin dokar hanya, ta ƙayyade gudu a kilomita 25 a sa'a, ta hana ɗaukar fasinja. Inshorar mutum na uku wajibi ce a kansu, kuma tarar rashinta na iya kaiwa Yuro 3,750. Da yake doka ta san da shi, kamfanonin inshora na sayar da takardarsa a fili. A 2023 an ɗaga shekarun mahayi daga 12 zuwa 14.

Jamus ta buɗe ƙofa ga wasu, ta bar wasu a waje. Dokarta da ta fara aiki ranar 15 ga Yuni, 2019, ta halatta ƙananan ababen hawa na lantarki masu gudun da bai wuce kilomita 20 a sa'a ba, bisa sharaɗin su kasance da sandar riƙewa da birki biyu da 'yar lambar inshora da ake mannawa. Mai ƙafa ɗaya ba shi da sandar riƙewa, don haka ba ya samun izni, ba ya samun lambar inshora, wanda kuma aka kama a kan titi ana iya tuhumarsa da laifin tuƙi ba inshora. Wannan shi ne ya fi kama da tsaka mai wuyar da aka bayyana a sama.

Birtaniya kuwa ta bar tsohuwar doka ta yi aikinta. Tana ɗaukar su ababen hawa masu inji a ƙarƙashin dokar hanya ta 1988, da yake kuma ba su cika sharuɗɗan rajista ba, ba a yarda a hau na kashin kai ba sai a filin da mai shi ya ba da izni. 'Yan sanda na iya ƙwace keken, su ci tarar Fam 300. Sukutocin haya kaɗai aka yarda da su a wasu garuruwa, bisa gwajin da aka fara a watan Yuli na 2020, kuma kamfanin hayar ne ke ɗaukar inshora.

Ita ma Tarayyar Turai, a dokar inshorar motoci da ta sabunta a 2021, ta kafa ma'auni mai sauƙin ganewa: duk abin da inji kaɗai ke tafiyar da shi, in gudunsa ya wuce kilomita 25 a sa'a, ko nauyinsa ya wuce kilo 25 tare da gudun da ya haura kilomita 14, inshora ta wajaba a kansa. Irin wannan ma'auni na gudu da nauyi zai iya zama abin koyi ga Majalisar Tarayya da NAICOM.

Darasin achaba

Amma babban darasi ga ɗan kasuwa yana nan gida. Achaba ta bazu a biranen Nijeriya a shekarun 1980 da 1990, lokacin matsin tattalin arziki, ba tare da an yi mata wani tsari na kirki ba. Hukuma ta zuba ido har dubban mutane suka zuba jarinsu, sa'an nan da haɗurra da ƙorafi suka yi yawa, sai aka zo da hani. Ranar 1 ga Oktoba, 2006, Ministan Birnin Tarayya na lokacin, Malam Nasir el-Rufa'i, ya haramta achaba a ƙwaryar birnin Abuja, aka tura masu ita unguwannin gefe irin su Nyanya da Karu da Kubwa. Daga baya hukumar birnin ta sha murƙushe baburan da ta kama a bainar jama'a. A watan Nuwamba na 2019 hani ya kai ga Keke NAPEP a manyan titunan birnin. A Kano ma an hana achaba a watan Janairu na 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero.

Abin da ya faru a Legas ya fi shafar masu jari kai tsaye. A 2019 kamfanonin achabar zamani da ake kira ta waya suna tashe, har kamfanin Gokada ya samu jarin Dalar Amurka miliyan 5.3 a wannan shekara. Ranar 1 ga Fabrairu, 2020, gwamnatin jihar ta hana babura ɗaukar fasinja a manyan yankunan kasuwanci na birnin, ba ta kuma ware waɗannan kamfanoni ba. Gokada ya sallami ma'aikata da yawa ya koma kai saƙonni, kamfanin OPay kuma ya dakatar da sashensa na ORide a cikin shekarar. Ko a birnin Paris, inda doka ta halatta sukutar lantarki, mazauna sun jefa ƙuri'a a watan Afrilu na 2023, kusan kashi 89 cikin 100 na waɗanda suka fito suka ƙi ta haya, aka kuma kwashe su kafin ranar 1 ga Satumba.

Masana tattalin arziki na kiran wannan haɗarin sauyin doka, kuma inshorar abin hawa ba ta biyansa. Shirun hukuma ba izni ba ne. Birnin da ya kori mai ƙafa biyu daga tsakiyarsa, ya kuma bi shi da mai ƙafa uku, ba zai rasa abin da zai ce da mai ƙafa ɗaya ba ranar da ya yi yawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Nauyin mai shigowa da mai sayarwa

Ba mahayi kaɗai ke cikin haɗari ba. Batirin lithium da ke cikin waɗannan kekuna babba ne, in kuma ya kama wuta yana da wuyar kashewa. A watan Disamba na 2015 manyan kamfanonin jiragen sama suka daina ɗaukar 'yan'uwansa masu taya biyu da yara ke hawa, a watan Yuli na 2016 kuma aka janye fiye da guda 500,000 daga kasuwar Amurka saboda gobara. Hukumar sufurin birnin London ta hana shiga jiragen ƙasa da motocinta da sukutar lantarki ko keke mai ƙafa ɗaya daga watan Disamba na 2021, bayan wata sukuta ta kama wuta a cikin jirgi.

Saboda haka mai shago a filaza ko kasuwa da zai tara irin wannan kaya, lalle ne ya sanar da kamfanin da ya yi wa shagonsa inshorar gobara, domin ɓoye wannan na iya ɓata takardar. Gobarar da ta tashi daga shagonsa ta ci na maƙwabta, ita ma diyya ce da za ta iya hawa kansa. Wajen shigowa da kaya, ana bukatar takardar SONCAP ta Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, ya kuma kyautu a nemi shaidar cewa batirin ya ci gwajin sufuri na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 38.3. Har ila yau, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba wanda kaya mai aibi ya cutar damar bin mai sayarwa, ba sai ya nemi masana'antar da ke ƙasar Sin ba.

Ga masu ƙyamar inshorar gargajiya

'Yan kasuwa da yawa a Arewa sun daɗe suna ɗari-ɗari da inshora saboda shubuhar riba da ta rashin tabbas. Wannan uzuri ya ragu. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, a 2016 kuma ta ba kamfanonin Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi. A tsarin takaful, mahalarta na zuba kuɗi ne a asusu guda da niyyar taimakon juna, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa daga ciki, in an samu rara kuma a raba musu. Takardar abin hawa ta kamfanin takaful mai lasisi tana cika wajibcin doka kamar kowace.

Matakan da suka dace

Na farko, kafin a yi odar kaya, a rubuta wa ofishin VIO na Birnin Tarayya da hukumar FRSC wasiƙa, a haɗa da bayanin gudun keken da nauyinsa, a nemi amsa a rubuce kan ko za a yi masa rajista, da rukunin da zai shiga. Maganar baki ta jami'i ba ta tsayawa a kotu.

Na biyu, a je wurin dillalin inshora mai rajista, a faɗa masa ainihin abin da ake nufi, a kuma tabbatar an rubuta sunan samfurin da lambar jikinsa da irin aikin da zai yi a cikin takardar. A karanta jerin abubuwan da kamfanin ya ce ba zai biya ba, musamman abin da ya shafi amfani da abin hawa a inda doka ta hana.

Na uku, a tabbatar takardar ta gaskiya ce. Takardun jabu sun daɗe suna yawo a hannun 'yan kamasho, shi ya sa Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya ta kafa rumbun bayanai na NIID, inda ake duba takardar abin hawa ta waya ko intanet.

Na huɗu, muddin ba a samu amsa a rubuce ba, a tsare keken a cikin harabar da ke da mai ita: rukunin gidaje, otal, ma'ajiyar kaya, masana'anta ko wurin shaƙatawa, da iznin masu wurin. A nan ma ana bukatar inshorar ɓarnar da ka iya samun baƙi da masu ziyara, wadda kamfanoni ke sayarwa ga masu harabar kasuwanci.

Na biyar, a ƙayyade gudu a cikin na'urar, a horar da yara, a sa hular kwano ta gaske. Da aka fara tilasta hular a watan Janairu na 2009, an ga 'yan achaba da suka kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Ƙwarya na iya ruɗin ɗan sanda daga nesa, amma ba ta ruɗin kwalta.

Na shida, ƙungiyoyin 'yan kasuwa, irin su Cibiyar Ciniki da Masana'antu ta Abuja, su ne suka fi dacewa su kai wa NAICOM da Majalisar Tarayya bukatar a ware wa ƙananan ababen hawa na lantarki rukuninsu, da iyakar gudu da farashin inshora, tun kafin wani mummunan haɗari ya sa a yanke hukunci cikin fushi.

A taƙaice, kuɗin keken da na kwastan da na caji duk sananne ne, ana iya rubuta su tun kafin kaya su taso daga tashar jirgin ruwa. Abin da ba a iya rubutawa shi ne diyyar ran ɗan Adam, kuma ita ce ke iya cinye uwar kuɗi da riba a yini guda. Ɗan kasuwar da bai samu kamfanin da zai tsaya wa kekensa a rubuce ba, shi ne ya zama kamfanin inshorar kansa, da shagonsa da gidansa a matsayin jingina. Ba a fafe gora ranar tafiya.